Koyon Japananci Domin Wasan Bidiyo

A watan Disamba na shekarar 1992 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Final Fantasy V. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai a can gida, amma kamfanin bai fassara shi zuwa Ingilishi ba sai a 1999, wato bayan shekara bakwai. A tsakanin wannan lokaci duk wani matashi na Amurka ko Turai da ya ƙwallafa rai a kan wasan, sai dai ya zauna jira, ko ya sayo kaset ɗin daga Japan ya yi ta lalube kamar makaho a baƙon gari, ko kuma ya ɗauki littafi ya koyi harshen. Wasu samari da suka kira ƙungiyarsu RPGe sun wuce nan ma. Sun kutsa cikin shirin wasan da kwamfuta, suka zaro rubutun Japanancin, suka fassara shi, suka mayar da na Ingilishi a gurbinsa, suka rarraba aikin kyauta a 1998. Bayan shekara goma aka sake yin irin haka da wasan Mother 3, wanda ya fito a 2006, masoyansa suka fassara shi a 2008 a ƙarƙashin jagorancin Clyde Mandelin, bayan da kamfanin Nintendo ya ƙi fitar da shi a waje.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne na wahalar da kai haka a kan wasa? Amsar tana cikin irin wasan. Wasa kamar Super Mario Bros. na 1985 ba ya bukatar harshe, domin gudu ne da tsalle, kuma yaron da bai san ko bihim ba zai iya cinye shi. Amma akwai wani rukuni da Japanawa suka shahara da shi, wanda za a iya kira wasan labari. A cikinsa mai wasa yana tafiyar da jarumi daga gari zuwa gari, yana hira da mutane, yana ciniki, yana karɓar saƙo. Wata tsohuwa a bakin rijiya ce za ta faɗa masa inda mabuɗin ƙofa yake, kuma in bai fahimci maganarta ba, zai kwana yana kewaye a wuri guda. Irin wannan wasa karatu ne zalla, ga shi kuma yakan ɗauki awa arba'in ko fiye kafin a kai ƙarshensa.

Rubutu iri uku a jimla ɗaya

Bahaushe ya san rubutu iri biyu, ajami da boko, amma ba ya cakuɗa su a layi ɗaya. Mutumin Japan yana amfani da iri uku, kuma duk ukun suna iya haɗuwa a cikin gajeriyar jimla guda.

Na farko shi ne kanji, wato alamomin da aka aro daga ƙasar Sin wajen ƙarni na 5, ta hanyar Koriya. Kowace alama tana ɗauke da ma'ana: 山 dutse, 火 wuta, 水 ruwa. Sauran biyun, hiragana da katakana, a haɗe ana kiransu kana. Daga jikin kanji aka fitar da su a farkon zamanin Heian (794 zuwa 1185), kuma sauti suke wakilta. Kowane harafi ɗaya gaɓa ce sukutum: ka, ki, ku, ke, ko, ba baƙi daban wasali daban ba. Hiragana tana da haruffa 46 na asali, masu lanƙwasa, kuma da ita ake rubuta ɗafe-ɗafen aikatau da ƙananan kalmomin nahawu. Katakana ma 46 ce, masu kusurwa, kuma aikinta a yau shi ne rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da kwaikwayon sauti. Ɗalibi mai naci yana iya haddace kana duka cikin mako biyu ko uku.

Kanji ce ke cin shekaru. Jerin da gwamnatin Japan ta amince da shi don amfanin yau da kullum yana da alamomi 2,136 tun daga 2010. Kafin nan 1,945 ne. Yaron Japan yana koyon 80 a ajin farko na firamare, kuma kafin ya gama aji shida ya koyi 1,026. Yawan ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce kusan kowace alama tana da karatu fiye da ɗaya: na asalin Japananci da kuma wanda aka aro tare da alamar daga Sinanci. Alamar dutse, idan tana tsaye ita kaɗai, yama ake karanta ta. Alamar wuta kuwa hi. Amma idan aka jera su biyu, 火山, sai a ce kazan, wato dutse mai aman wuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa in ya lura da yadda yake karanta lambobi. Alamar 2 ita kaɗai biyu ce. A sa mata sifili, 20, sai ta koma ashirin, kalmar da aka aro daga Larabci. Haka 3 uku ce amma 30 talatin. Ma'anar alamar ba ta sauya ba, furucin ne ya bi muhalli, kuma ba wanda yake tsayawa tunani kafin ya faɗi daidai. To, haka Bajapane yake yi da alamomi sama da dubu biyu.

Abin da ya hana kanji shiga kaset

A nan ne kimiyyar na'ura ta yi wa mai koyo wata irin gata da ba a shirya ba. Wasannin farko na Japan kusan babu kanji a cikinsu, kuma dalilin lissafi ne.

Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 don yin katin wasa, ya fitar da na'urar Famicom a ranar 15 ga Yuli, 1983. Wannan na'ura tana zana hoto a talabijin da ƙananan murabba'ai, kowanne ɗigo 8 a tsaye, ɗigo 8 a kwance, jimla 64. Murabba'i iri 256 kawai take iya riƙewa a lokaci guda don shimfiɗar hoto, kuma a cikin wannan adadi ne za a raba wa ciyawa da ruwa da bango da haruffa da lambobi. Harafin kana yana shiga murabba'i ɗaya. Kanji kuwa, ban da masu sauƙi ƙalilan, ba ta karantuwa a ɗigo 64, domin wata alamar tana da zane goma sha biyar ko ashirin, akwai ma mai 29 a cikin jerin gwamnati. Don ta fito sarai ana so a ba ta kamar ɗigo 16 sau 16.

Sai a yi lissafi. Ɗigo 16 sau 16 ya ba da 256. Idan kowane ɗigo ya ci bit ɗaya, wato ko dai baƙi ko fari, alama ɗaya ta ci bit 256, daidai da bayit 32, tun da bit 8 ne bayit guda. Alamomi 1,945 na jerin wancan lokaci za su ci bayit 62,240. Kaset ɗin Dragon Quest, wasan da kamfanin Enix ya fitar a watan Mayu na 1986, wanda kuma ya buɗe kasuwar wasan labari a Japan, duka-duka kilobayit 64 ne, wato bayit 65,536. Da an zuba kanji duka a ciki, da abin da zai rage wa taswira da dodanni da kiɗa da labarin kansa bai wuce bayit 3,296 ba.

Saboda haka Yuji Horii da abokan aikinsa suka rubuta wasan da hiragana. Ko katakana ma ba ta samu shiga duka ba: guda 20 kawai aka ɗauka daga cikin 46, aka kuma tsara sunayen dodanni da tsafe-tsafe yadda ba za su bukaci sauran ba. Harafin ku yana cikin waɗanda aka bari a waje, shi ya sa dodon da zai kasance Daaku Doragon ya zama Daasu Doragon.

Ƙarancin ma'adana ya haifar da wani abu kuma. Kaset ɗin ba shi da hanyar ajiye inda mai wasa ya tsaya. Idan zai kashe na'ura, sai wasan ya ba shi wasu haruffan hiragana 20 marasa ma'ana ya kwafa a takarda, gobe ya shigar da su ya ci gaba. Haruffan an ɗebo su daga tari mai iri 64, kuma 64 shi ne 2 sau kanta har sau shida, don haka kowane harafi yana ɗauke da bit 6. Ashirin sau shida 120, wato bayit 15, kuma a cikinsu aka dunƙule sunan jarumi da kuɗinsa da makamansa da abin da ya cim ma. A kashi na biyu na wasan, na 1987, haruffan sun kai har 52. Wanda ya kwafi nu a maimakon me, ko ne a maimakon re, haruffan da suke kama da juna kamar tagwaye, ya yi asarar aikin yini. Da wuya a sami malamin rubutu da ya fi wannan tsanani. Sai a kashi na uku, na 1988, aka sa batir a cikin kaset aka huta.

Da na'urar Super Famicom ta fito a 1990 sai wuri ya samu. Kaset ɗin Final Fantasy V ya ninka na Dragon Quest na farko sau 32, kuma shi ne na farko a jerinsa da ya yi amfani da kanji a cikin zance. Amma wasannin yara sun daɗe a kan kana. Pokémon ya fito a 1996 da kana zalla, bai kuwa ba da zaɓin kanji ba sai a 2010.

Kada a ɗauka rubutun kana zalla ya fi sauƙi ta kowace fuska. Japananci cike yake da kalmomi masu furuci ɗaya. Kami tana iya nufin takarda, ko gashin kai, ko abin bauta. Kaeru tana iya zama kwaɗo, ko komawa gida, ko sauyawa. Kanji ce ke bambanta su a rubuce. Yaron Japan da ya riga ya san kalmomin tun yana goye ba ya ruɗewa, amma baƙon da ke neman kowace kalma a ƙamus zai tarar da ma'ana biyar, bai san wadda zai ɗauka ba. Abin da ya fi masa amfani shi ne wasan da ke da furigana, wato ƙananan kana da ake ɗorawa a kan kanji don nuna furucinta, kamar yadda ake sa wasali a rubutun Larabci domin mai koyo. Wasannin Nintendo da dama na baya-bayan nan suna da ita, alal misali Zelda na 2017 da Animal Crossing na 2020.

Inda kunnen Bahaushe ya riga na Bature

Mafi yawan littattafan koyon Japananci an rubuta su ne domin masu jin Ingilishi, suna kuma ɓata shafuka a kan abubuwan da Bahaushe ya sha a nono. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma kowanne yana da gajere da dogo, kamar na Hausa. Obasan gwaggo ce, obaasan kaka. Ojisan kawu, ojiisan kaka namiji. Wanda ya san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ba ya bukatar dogon bayani a nan. Haka ninka baƙi: kite zo, kitte kan sarki, daidai da baba da babba. Har ila yau hawa da saukar murya suna raba ma'ana. A karin harshen Tokyo hashi mai farawa sama ta sauko tsinken cin abinci ne, mai farawa ƙasa ta hau kuwa gada. Duk wanda ya bambanta kuka na hawaye da kuka na miya ya riga ya sami kunnen. Hatta sautin fu, kamar a sunan dutsen Fuji, da leɓɓa biyu ake yin sa ba tare da haƙori ba, tamkar f ɗin Bakano. Inda za a yi hattara shi ne tsu, domin ba ta da ƙarfin tunkuɗar maƙogwaro irin ta ts ɗin Hausa a tsuntsu, sassauƙa ce.

Akwai wata kama kuma da ke da amfani kai tsaye a gaban na'ura. Harsunan biyu ba sa son baƙaƙe su cunkushe, don haka idan suka ari kalmar Turawa sukan tsarma wasali a tsakani. Abin da Bahaushe ya mayar tebur, Bajapane ya mayar da shi teeburu. Direba ya zama doraibaa, askirim ya zama aisukuriimu, rediyo kuma rajio. Wasannin bidiyo maƙil suke da irin waɗannan kalmomi, duka da katakana: sutaato don farawa, seebu don ajiyewa, reberu don matakin ƙarfi, aitemu don kayan hannu. Sunan Dragon Quest kansa Doragon Kuesuto ne a bakinsu. Ɗalibin sakandare mai ɗan Ingilishi, idan ya haddace katakana ya kuma furta kalmar da ƙarfi, sau da yawa zai ji ta faɗo masa. Wannan ne ya sa mai koyo don wasa zai fi cin riba da wuri in ya ba katakana muhimmanci, sai dai ya kiyayi shi da tsu, da kuma so da n, waɗanda karkatar zane kawai ta raba su.

Amsa-kama ma haka. Yadda Hausa ke cewa fari fat, ja wur, shiru tsit, Japananci yana da ɗaruruwan irinsu: doki-doki bugun zuciya, pika-pika ƙyalƙyali. Daga pika da chuu, kukan ɓera, aka gina sunan Pikachu.

Aikatau a ƙarshe

Da an shiga nahawu sai kamar ta ƙare. Hausa tana jera aikau, aikatau, karɓau: jarumi ya sayi takobi. Japananci yana kai aikatau ƙarshen jimla, yana kuma maƙala wa kowane suna wata ƙaramar kalma a bayansa don nuna aikinsa: yuusha wa ken o katta. Yuusha jarumi, wa tana nuna wanda ake magana a kansa, ken takobi, o tana nuna karɓau, katta ya saya. Ƙaramar kalmar no tana aikin na da ta na Hausa, amma a juye: ou no ken, sarki-na-takobi, shi ne takobin sarki. Jimlar da mai wasa zai yi ta cin karo da irinta ita ce kamar mura no kita ni doukutsu ga aru, wato akwai kogo a arewacin ƙauye. Wanda ya san kita arewa, minami kudu, higashi gabas, nishi yamma, ya rage wa kansa rabin yawo.

Tun da korewa da lokaci duk a jikin aikatau suke, aikatau kuma a ƙarshe, ba a sanin ko an ce a je ko kada a je sai jimla ta ƙare. Bugu da ƙari harshen yana yawan barin aikau a ɓoye idan muhalli ya nuna shi, ba shi da jinsin namiji da mace a suna, kuma galibi ba ya nuna jam'i. Waɗannan su ne wuraren da fassarar na'ura, irin wadda ake yi da kyamarar waya, ta fi yin tuntuɓe: takan mayar da mace namiji, ko ta ɗora wa jarumi abin da dodo ya aikata.

Kalmomin umarni kuwa 'yan kaɗan ne, kuma suna maimaituwa sau dubbai: tatakau yi faɗa, nigeru gudu, hanasu yi magana, shiraberu bincika, dougu kayan aiki, mahou sihiri, hai i, iie a'a. Ko maɓallan na'ura suna da nasu harshe. A makarantun Japan malami yana zana da'ira a kan amsar da ta yi daidai, gicciye kuma alamar kuskure ce. Shi ya sa tun daga PlayStation ta farko a 1994 maɓallin da'ira ne na amincewa a Japan, alhali a Turai da Amurka gicciye ne, har sai da kamfanin Sony ya daidaita su a kan gicciye a 2020.

Harshen jarumai

Haɗarin da ya fi girma ga wanda ya koyi harshen daga wasa kaɗai shi ne ya fita da maganar da ba mai yin ta a titi. Japananci yana da wakilan suna da yawa don ni, kuma kowanne yana bayyana mai maganar. Watashi ta ladabi ce, boku ta yaro ko namiji mai sanyin hali, ore ta namiji mai ji da kansa. A cikin wasa za a ji tsoho yana cewa washi yana rufe jimla da ja, mayaƙin da yana cewa sessha, gimbiya tana cewa warawa. Farfesa Satoshi Kinsui, wanda a lokacin yake Jami'ar Osaka, ya ba wannan salo suna yakuwarigo, wato harshen matsayi, ya kuma rubuta littafi a kansa a 2003. Ya nuna cewa masu ƙaga labari suna amfani da shi don a gane ko wane ne mai magana nan take, ko da a zahiri tsofaffin Tokyo ba haka suke magana ba.

Misalinsa kamar baƙo ne ya koyi Hausa daga wasan kwaikwayo na fada da na 'yan tauri, sa'an nan ya shiga kasuwa yana yi wa mai tumatir magana da muryar sarki, yana kiran dattijo da kai. Kisama da temee, waɗanda jarumai ke jefa wa abokan gaba, zagi ne. Ko omae ba a faɗa wa na gaba. A gefe guda kuma harshen girmamawa, keigo, wanda ba a aiki a ofis ko kanti a Japan sai da shi, ɗan kaɗan ne mai wasa zai tsinta, yawanci daga bakin masu shago da fadawa. Zai iya sanin sunan takobi iri goma bai san yadda ake tambayar kuɗin mota ba.

Duk da haka wannan salo shi ne babban abin da fassara ke zubarwa, shi ne kuma hujjar masu cewa gara a karanta na asali. A shekarun 1990 ma asarar ta fi haka, domin Ingilishi ya fi cin wuri: sunan da ya shiga gurbi biyar da kana yana iya neman gurbi goma da haruffan boko, sai a yi ta datse zance don ya shiga kaset. Ted Woolsey, wanda ya fassara Chrono Trigger na 1995, kimanin kwana talatin aka ba shi ya gama.

Shin wasa yana koyarwa?

Masana koyon harshe sun daɗe da yarda cewa ana samun harshe ne ta hanyar ji da karanta abin da ake fahimta, mai yawa, a kai a kai. Wasan labari yana da wasu sharuɗɗan: hoto yana taimakon ma'ana, kalmomi suna dawowa, rubutu yana jira har a danna maɓalli, kuma rashin fahimta yana da sakamako nan take. Sai dai akwai iyaka. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka buga a 2000 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Wanda ya shiga wasa da kalmomi ɗari biyu a ka zai fi daɗewa a cikin ƙamus fiye da cikin wasan.

Wani gwaji da Jonathan deHaan da abokan aikinsa suka buga a 2010 ya ƙara haske. Sun ɗauki ɗaliban jami'a 80 a Japan masu koyon Ingilishi, suka raba su biyu-biyu. Ɗaya ya yi wani wasan kiɗa na minti 20, ɗayan kuma ya zauna yana kallon allo kawai. Da aka gwada su, masu kallo sun fi masu wasan tuna kalmomin da suka bayyana, da rata mai yawa. Bayanin da aka bayar shi ne ƙwaƙwalwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka a lokaci ɗaya, kuma yatsun da ke neman maɓalli sun cinye hankalin da zai tafi ga kalma. Bayan mako biyu dukkan ɓangarorin sun manta da yawa daga abin da suka riƙe. Darasin ga mai zaɓen wasa a fili yake: wanda ake yi a natse, bi da bi, ya fi mai gaggawa amfani nesa ba kusa ba.

Mantuwar kanta an auna ta tun 1885, lokacin da Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sa'an nan zubewar ta lafa. Maganinta shi ne tilawa mai tazara: a waiwayi kalma gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Almajirin da ke bitar allonsa ya san wannan ba tare da ya ji sunan Ebbinghaus ba. Shirin kwamfuta mai suna Anki, wanda ya fito a 2006, sunansa ma kalmar Japananci ce ta hadda, yana tsara wannan tazara da kansa. Amma kati na kwali da akwatin ashana suna yin aikin: kalma a gaba, ma'ana da jimlar da aka tsince ta a baya.

Batun lokaci shi ne inda ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa gaskiya. Cibiyar da ke koyar da jami'an jakadancin Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar kimanin awa 2,200 a aji, mako 88, kafin ya iya aiki da Japananci. Rukuni ɗaya ta sa shi da Larabci da Sinanci da Koriyanci. Hausa kuwa ta ba ta awa 1,100. Mai ba da awa ɗaya kullum, ba fashi, zai ɗauki shekara shida da 'yan kwanaki kafin ya cika 2,200. Karanta wasan yara bai kai wannan nauyi ba, amma ba aikin hutun ƙarshen zango ba ne, kuma ɗalibin da jarrabawar kammala sakandare ke gabansa ya san inda awoyinsa suka fi cancanta.

Dalilin farko ma ya ragu. Tun daga 2013 Pokémon yake fita a manyan kasuwannin duniya rana ɗaya, na'urar Switch ta 2017 ba ta ƙin kaset ɗin wata ƙasa, kuma manyan wasanni da yawa suna ba da zaɓin harshe. Wannan sauyi ya zo wa mai koyo da sauƙi ta wata hanya, domin yana iya gama wasa da Ingilishi, sa'an nan ya juya shi zuwa Japananci ya sake bi, yana riga ya san labarin. Mai son ya auna inda ya kai kuwa akwai jarrabawar ƙwarewa ta JLPT, wadda aka fara a 1984, mai matakai biyar tun 2010, daga N5 na masu farawa zuwa N1. Karatu da saurare kawai take gwadawa, ba ta gwada magana, wato dai ɓangarorin da mai wasa ya fi ƙarfi a kai.

Malamin lissafi ko na kwamfuta yana iya juya batun kaset ya zama aikin aji. A ba ɗalibai takarda mai gidaje 8 sau 8, a ce su zana ƙ da ɗ da ɓ ta hanyar cike gidaje, yadda na bayan aji zai bambanta su da k da d da b. Daga nan su ƙirga bayit nawa haruffan boko na Hausa, manya da ƙanana, tare da lambobi goma za su ci idan kowane gida bit ɗaya ne, su kuma duba murabba'i nawa zai rage daga 256 don zana gari da mutanensa.